Ina Leda Take Zuwa?

A zamanin da, in mutum zai ci kasuwar Ƙaraye ko ta Rogo, da ƙwaryarsa ko kwandonsa yake tafiya. Daddawa a ganye ake ƙunshe ta, goro kuwa a huhu. In an gama da ganyen sai a yar a juji, damina ta sauka ya ruɓe, ya zama taki. Manomi ya zuba a mangala, jaki ya kai masa gona.

Yau kuwa kome ka saya, ko gishiri ne, ko ruwan sha, a leda za a ba ka. To, ita leda ba ta ruɓewa kamar ganye. In ta bi taki ta shiga gona, sai ta tare saiwar shuka. In akuya ta haɗiye ta, ba ta narkewa a cikinta, sai ta yi ta ramewa har ta mutu. In ta toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Wadda ruwa ya kwasa a Ƙaraye kuma tana iya kaiwa madatsar ruwa ta Calawa, inda masunta ke neman abincinsu.

Saboda haka gwamnati ta tashi tsaye. A shekarar 2003 Jihar Kano ta kafa hukumar kwashe shara mai suna REMASAB. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa NESREA, mai lura da dokokin muhalli. A 2020 ta amince da tsarin ƙasa na sarrafa sharar roba, a 2024 kuma ta ba da sanarwar hana robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar a ofisoshinta. Ƙasar Ruwanda ta riga mu, tun 2008 ta hana jakar leda.

Yaya ake mai da shara abin amfani? 'Yan gwangwan su ke bi gida gida suna sayen tsohuwar roba da gwangwani. Su auna a sikeli, a loda a mota zuwa Kano. Can sai a rarraba robar iri iri, a wanke, inji ya niƙe ta, a narkar, a zuba a mazubi. Ga bokiti, ga buta, ga takalmi sun fito sababbi. Gwangwanin lemo kuwa na sanholo ne, maƙera kan narka shi su yi tukunya.

Amma da sauran aiki. Yawancin aikin kwashe shara a birni yake, bai game ƙauyuka ba. Leda kuma ba ta da nauyi a sikeli, kuɗinta kaɗan ne, don haka masu tsinta ba su cika kula ta ba.

To, yara, ga naku aikin. Ku ajiye buhu uku a makaranta: na leda, na roba, na gwangwani. Kada ku ƙone leda, gama hayaƙinta yana cutar da ƙirji. In an aike ku kasuwa, ku tafi da kwano. Kada wani ya ce ledarsa guda ɗaya ce kawai. Da yayyafi kogi kan cika.