Ko Ka Sani? Bututun da Ke Kaiwa Bakin Zuciya

Majinyacin da ciwonsa ya gagari asibitocin Wurno, Rabah ko Goronyo akan tura shi birnin Sakkwato, sau da yawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda mai buƙatar wankin ƙoda ko kulawa ta musamman kan gamu da wani siririn bututun roba da ya bambanta da allurar ƙarin ruwa ta bayan hannu. Ana zura shi ne ta babbar jijiyar wuya, ko ta ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, har bakinsa ya tsaya dab da zuciya, wani lokaci kuma ta matsematsi, bisa dabarar da likita Seldinger ɗan ƙasar Suwidin ya bayyana a 1953, wato a fara shigar da lallausar waya ta cikin allura, sannan bututun ya bi ta.

Hanyar da magani ke bi ita ce kuma ƙwayoyin cuta ke bi, kuma galibinsu daga fatar majinyacin ko hannun ma'aikaci suke fitowa. Da zarar sun kama jikin robar sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar gansakuka a cikin randa, wanda magani ke wahalar ratsawa, daga nan su riƙa zuba cikin jini, zazzaɓi da rawar sanyi su biyo baya.

Rigakafin kuwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A jihar Mishigan ta Amurka, likita Peter Pronovost ya sa ɗakunan kulawa ta musamman 103 suka lizimci matakai biyar: wanke hannu, sanya hula da takunkumi da riga da safar hannu tare da lulluɓe majinyaci, goge fata da sinadarin kulohekzidin, guje wa matsematsi saboda gumi da ƙazanta, da cire bututun da zarar buƙatarsa ta ƙare. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna kamuwar ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Abin da ya fi cancantar lura shi ne an ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likitan da ya tsallake mataki, komai girmansa, al'amarin da ke da nauyi a duk inda kunya ke hana ƙarami gyara wa babba.

Masu jinya daga dangi su ma suna da rabonsu, domin bandejin da ke rufe inda bututun ya shiga, in ya jiƙe wajen wanka ko ya ɗaye, yana buƙatar a kira ma'aikaci ya sauya shi nan take, ba a gyara shi da hannu ba.