Haska Jini Da Leza: Magani Ne Ko Romon Baka?

A shekarar 1981 ne wasu likitocin Tarayyar Sobiyat, Meshalkin da Sergievskiy, suka fito da dabarar haska jinin majiyyaci da hasken leza. Yadda ake yi shi ne, a zura wani siririn zaren gilashi ta cikin allura zuwa jijiyar hannu, sa'an nan jan haske marar zafi ya riƙa dukan jinin da ke wucewa har wajen rabin sa'a. Da masu ciwon zuciya aka fara, daga bisani abin ya bazu zuwa Sin da Jamus.

Tushen maganar kuwa daga ƙasar Hangari yake. A 1967 likita Endre Mester ya lura cewa ɓerayen da ya aske, gashinsu ya fi saurin tsirowa idan an haska su da leza mai rauni.

Masu wannan aiki suna cewa hasken yana tsinka jini, yana rage kumburi, yana ƙarfafa garkuwar jiki. To, amma faɗa daban, tabbatarwa daban. Galibin gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, shi ya sa har yanzu dabarar ba ta shiga sahun magungunan da manyan asibitocin Amurka da Ingila suka amince da su ba.

Babban abin tsoro shi ne mai ciwon sukari ko hawan jini ya yar da maganinsa domin wannan haske. Wanda ya yi haka ya saki reshe ya kama ganye.