Mikiyar Dutsen Kwatarkwashi

A Ingila, idan watan Afrilu ya kama, jama'a kan yi tattaki zuwa gaɓar teku a Bempton, inda duwatsu suka miƙe tsaye bisa ruwa, su tsaya daga nesa da madubin hangen nesa suna nazarin tsuntsayen teku da suka dawo yin sheƙa. Mu a Zamfara Allah bai ba mu teku ba, amma matafiyin da ya bar Tsafe ya nufi Gusau lalle ya ga Dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu, wanda masana tsuntsaye suka daɗe da rubuta shi a matsayin mazaunin mikiya, kuma bikin kamun maiki na mutanen garin shaida ne a kan haka.

Hikimar zaɓen tsaunin a fili take, domin kura ko dila ba su isa su kai ga tsagin da mikiya ta shimfiɗa 'yan itatuwanta ba, kuma iskar da ke tasowa jikin dutse da hantsi ita ke ɗaga ta sama ba tare da wahalar kaɗa fiffike ba. Ƙwai ɗaya tak take sakawa, uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 55, saboda haka wanda ya matsa kusa ya firgita su a farkon kwanci ya jawo musu hasarar shekara guda, kuma wannan zalunci ne ga halittar Ubangiji. Wajen tashi sama kuwa, a 1973 irinta ta yi karo da jirgin sama bisa Abijan, a tsawon mita 11,300. Amma guba da cinikin kawunanta don tsibbu sun sa tun 2015 aka lissafa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.