*Cikin Fari: Wa Ke Riƙe Da Ludayin Tukunyarta?*



Amarya ta tare, bayan 'yan watanni sai ga laulayi. Tun daga ranar ta zama ɗalibar kowa. Uwar miji ta ce kaza, kaka ta ce kaza, maƙwabciya ma ta leƙo da nata. Ita kuwa baiwar Allah kunyar cikin fari ta hana ta buɗe baki, balle ta tambayi dalili. Sau da yawa ma ɓoye cikin za ta yi har wata biyar ko shida kafin a kai ta awo.

To, nan ne asarar farko. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna fara haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da wata ma ba ta san ta ɗauka ba. Shi ya sa ake son mace ta fara shan folik asid da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha maikrogiram 400 na folik asid da miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe kullum, kuma tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Sai maganar camfi. "Kar ta ci ƙwai, yaro zai yi sata." "Kar ta ƙoshi, ɗa zai yi ƙato ya ƙi fita." Wallahi iyayenmu ba mugunta suke nufi ba, tsoron doguwar naƙuda ne, don sun ga abin da suka gani. Amma sata tarbiyya ce, ba ta da alaƙa da ƙwai, kuma dafaffen ƙwai na cikin abinci mafi araha da ke gina jikin uwa da ɗa. Yunwa kuwa ba ta sauƙaƙa haihuwa. Abin da take jawowa shi ne ƙarancin jini da jariri marar nauyi, kuma macen da jininta ya yi ƙasa ba ta jure zubar jini ranar haihuwa. Mu tuna, a Suratu Maryam, lokacin naƙuda ci da sha aka umarci Nana Maryam da su, ga ɗanyen dabino ga ruwa.

Wasu kan ajiye maganin ƙarin jini don sun ga bayan gida ya yi baƙi. Wannan ba komai ba ne, aikin sinadarin ƙarfen ne. A dai guji haɗa shi da shayi, don shayi na rage shigarsa jiki. Lemo ko gwaba su ne abokan tafiyarsa. Idan ka ga tana kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, a duba jininta. Zuma da dabino lafiya lau daidai misali, sai dai in an ce tana da suga. Amma jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, a jingine su har a sauka.

Maigida, kai ne mai cefane. Duk abin da ungozoma ta faɗa a wurin awo, in bai shiga ledarka ba, ba zai shiga tukunya ba. Wake, zogale, alayyahu, gyaɗa, busasshen kifi, nono da aka tafasa, duk suna kasuwar unguwa. Ba sai ka yi musu da Hajiya ba. Ka ce, "Hajiya, don Allah ki raka ta awo ranar Laraba," ta ji da kunnenta. In kuma za ta tafi goyon ciki gidansu, a haɗa mata da katin awo da sauran maganinta, a kuma gaya wa mahaifiyarta ranar komawa asibiti.