Aiki dare da rana: me ake buƙata kafin ya yiwu a Bonkuku?

'Yan uwanmu da ke zangon Kumasi da Akara sun sha aiko mana da saƙon murya a kan wata magana da ta cika gidajen rediyon Gana, wato tattalin arzikin awa 24. Shugaba John Mahama ya yi yaƙin neman zaɓe da ita a 2024, kuma ya ƙaddamar da shirin a watan Yulin 2025. Dabarar ita ce ma'aikata ɗaya, injin ɗaya, amma rukuni uku na ma'aikata suna karɓa-karɓa, kowane rukuni awa takwas. Aikin da mutum ɗaya ke ci, sai mutum uku su ci. Tambayar da suke mana ita ce: a gida fa, zai yiwu?

To, bari mu fara da wuta, don komai a kanta ya rataya. Injin ba ya juyawa da fitilar hannu. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin bai ma kai haka ba. Shekara da shekaru, mafi yawan wutar da NIGELEC ke rabawa a yammacin ƙasar daga Najeriya take zuwa. Mun ga illar hakan a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, unguwannin Yamai suka koma karɓar wuta bi da bi. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi, amma rana ba ta fitowa da dare, kuma batirin ajiye wuta tsada gare shi. Madatsar Kandaji, nan cikin jiharmu ta Tillaberi, har yanzu jiran ta muke.

Sai tsaro, kuma nan ba sai mun yi dogon bayani ba. A farkon 2020 aka hana zirga-zirgar moto a sassa da yawa na jihar nan. Wanda ba ya iya hawa moto da rana tsaka, ƙaƙa za a ce ya fito aiki ƙarfe biyu na dare? Direban da ya loda kaya zuwa Yamai ta Balleyara ya fi son ya kwana ya kama hanya da safe, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Amma abin da aka fi mantawa shi ne mai saye. Ba a ƙara rukunin dare sai in kayan rana sun ƙare a kasuwa. In ba haka ba, an ninka kuɗin gazuwal da na ma'aikata ne kawai, kaya kuma na jibge.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mu a Imanan ba mu da masana'anta, amma muna da dankalin turawa, wanda ya kai sunan Bonkuku har kasuwannin Yamai. Ruwa a kwarin Dallol Bosso ba shi da zurfi, shi ya sa noman rani ya karɓe mu. Kowa ya san yadda shekara ke tafiya: a sayi iri mai tsada, galibi wanda aka shigo da shi daga Turai, sau da yawa da bashi. A shuka da sanyi. A tona kusan lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Zafin bazara na bisa hanya, dankali ba ya jure shi, mai bashi kuma na tsaye bakin ƙofa. Sai a sayar yadda ɗan kasuwa ya yanke. Bayan wata uku ko huɗu buhun ya yi tsada, amma ya riga ya bar hannun manomi.

Don haka a ganinmu, ma'aikacin dare na farko da Bonkuku ke buƙata ɗakin sanyi ne, wanda injinsa ba ya tsayawa ko da gari ya yi barci. Shi ma yana da sharuɗɗansa: wuta marar yankewa, domin rashin sanyi na iya lalata ajiyar ƙungiya, mai gyara da ke kusa, ba wanda za a jira daga Yamai ba, da kuma ɗan rance da zai riƙe manomi har farashi ya tashi. Haka firjin da ke ajiye rigakafi a likita, da ungozomar da ke karɓar haihuwa cikin dare.

Ga 'yan uwa da ke waje masu tambayar inda za su sa ɗan abin da suka tara, kafin ku aiko da injin, ku tambayi uku: wutar da za ta juya shi daga ina, wa zai gyara shi in ya lalace, wa kuma zai sayi kayan. Layin gidan rediyo a buɗe yake, muna son jin ta bakin ƙungiyoyin manoma na Imanan da na Kurfai baki ɗaya, musamman waɗanda suka taɓa gwada ajiyar dankali.