Hujewar maƙoshi: kayan aiki sun sauya, sa'o'in farko na nan da nauyinsu

A 1724 likitan Holan Herman Boerhaave ya rubuta labarin wani babban hafsan sojan ruwan ƙasarsa, Baron van Wassenaer, wanda ya yi amai da ƙarfi bayan ya cika ciki, maƙoshinsa ya tsage, ya rasu cikin ƙasa da kwana ɗaya. Sai a 1947 likita Norman Barrett ya ba da rahoton ɗinke irin wannan tsaga a Landan, majinyacin kuma ya rayu. Yau amai ya koma baya a cikin dalilan. Rabin hujewar da ake gani a manyan asibitoci, ko fiye, daga kayan aikin likita take fitowa: tiyo mai kyamara da ake zurawa ta baki, musamman idan za a buɗa maƙoshin da ya tsuke ko a ciro abin da ya maƙale. Maganin ma ya sauya, domin inda a da sai an tsaga ƙirji, yanzu akan saka bututun raga mai rufi ya toshe ramin daga ciki, ko soso mai zuƙe ruɓa da likitocin Jamus suka yaɗa.

Wani zai ce to a rage zura tiyon mana. Wannan gurguwar shawara ce. Idan dubawa kawai aka yi, da wuya ƙwarai a huda, kuma da wannan tiyon ake gano daji da gyambon ciki. Abin da ya fi wannan shi ne hujewar da ta faru a hannun likita akan gano ta nan take, cikin majinyaci babu abinci, don haka ta fi ta amai sauƙin warkewa. A saurin ganowa ne asirin cutar yake. Maƙoshi ba shi da fatar waje mai ƙarfi irin ta hanji, ga shi kwance tsakanin huhu biyu a bayan zuciya. Da ya huje, miyau da abinci da ruwan ciki sai su malala cikin ƙirji, ƙwayoyin cuta su bazu, jini ya gurɓace. Wanda aka gano cutarsa cikin awa 24 yakan tsira galibi. Bayan nan haɗarin mutuwa ya ninka ko ya wuce, naman ya ruɓe har ba ya riƙe ɗinki. Abin takaici, ciwon yana kama da bugun zuciya ko gyambo. Alamu ukun da likita Mackler ya haɗa a 1952, amai da ciwon ƙirji da iska a ƙarƙashin fatar wuya mai ƙaras-ƙaras idan an danna, ba kasafai suke haɗuwa ba. Hoton CT da ruwan da ake sha ya fito a hoto ne ke raba gardama.

Masu cewa bututun raga ya kori wuƙa su ma sun yi gaggawa. Yakan zame daga wurinsa, kuma ba ya kwashe mugunyar da ta riga ta taru. Sai an saka tiyo a ƙirji, an hana cin komai ta baki, an ba da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya.

A ƙasarmu dalilan sun fi kusa da gida: ƙayar kifi, haƙorin roba, batirin agogo da yaro ya haɗiye, sodar haɗa sabulu da aka ajiye a robar ruwa. Batiri yakan ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Kada a danna loma don tura ƙaya, kada a sa wanda ya sha soda amai. Ma'aikacin lafiya kuwa, duk wanda ya zo da ciwon ƙirji bayan amai ko bayan zura tiyo, ya hana shi ci da sha, ya tura shi babban asibiti a ranar, kada ya jira wayewar gari.