KULA DA ITATUWAN CIKIN GARI: DARASI DAGA NGURU DA GASHUA

Duk wanda ya taɓa sauka a Nguru ko Gashua cikin watan Afrilu ya san darajar inuwa. A wannan lokaci zafi yakan haura digiri 40, ruwan sama kuwa ba ya wuce watanni uku zuwa huɗu a shekara. A arewacin waɗannan garuruwa, wajen Machina da Yusufari, tuddan rairayi suna ta matsowa kan gonaki da gidaje. Saboda haka itace a irin wannan wuri garkuwa ne ga lafiyar jama'a da dukiyarsu.

Yadda Aka Samu Inuwar Yau

Yawancin inuwar da ake sha a titunan garuruwan nan ta darbejiya ce, wadda waɗansu ke kira dogon yaro. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, an kuwa fara dasa ta a lardin Borno a shekarar 1928. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano wajen 1930, gari ya bunƙasa, bukatar itacen girki da na gini ta ƙaru. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ya kashe itatuwa masu yawa. Wannan ya sa a 1990 aka kafa shirin raya yankin busasshiyar ƙasa na arewa maso gabas, mai hedkwata a Garin Alkali kusa da Gashua. A 2015 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar gina Babbar Katangar Itatuwa, Jihar Yobe tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa.

Inda Matsalar Take

Dashe ba shi ne mai wuya ba, reno shi ne aiki. Kowace damina akan raba dashe, a yi biki, amma kafin bazara ta zagayo awaki sun cinye waɗansu, gara ta ci waɗansu, sauran ƙishirwa ta kashe su. Manyan itatuwa ma ba su tsira ba. Akan sare rassansu domin girki da bandar kifi, akan ɓare ɓawonsu domin magani, akan ƙona shara a gindinsu. Itacen da aka ɓare ɓawonsa kewaye da gindi mutuwa zai yi, domin ta nan ne abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa.

Aikin Ƙaramar Hukuma

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kula da tituna da lambuna da filayen jama'a. Don haka itatuwan bakin titi, da na kasuwa da tashar mota, amana ce a hannun Ƙaramar Hukumar Nguru da ta Bade. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta riƙa renon dashe tun rani, ta ƙidaya itatuwan kowace unguwa, ta kuma sa malaman daji su riƙa zagayawa tare da Lawanai da Bulamai. Kada a yarda wani ya sare itacen jama'a sai da izini a rubuce, wanda aka ba izini kuma ya dasa waɗansu a madadinsa. Nasarar aiki a riƙa auna ta da yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara uku.

Aikin Maigida

1. A yi dashe cikin watan Yuli, bayan damina ta zauna.
2. A haƙa rami mai zurfin ƙafa biyu da faɗin ƙafa biyu, a gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a cire leda kafin a binne saiwa.
3. A nisanta shi daga katanga da rijiya da wayar lantarki.
4. A kewaye shi da ƙaya ko tubali tun ranar da aka dasa shi.
5. A riƙa ba shi ruwa da safe ko da yamma har ya tsallake rani biyu. Ruwan alwala da na ɗauraya ma ya isa.
6. In za a rage rassa, a yanka da zarto, kada a karya da hannu.

Kada kuma a tsaya ga darbejiya kaɗai. Tsamiya da aduwa da kurna da magarya suna jure fari, suna kuma ba da 'ya'ya. Gawo yakan yi ganye da rani, lokacin da dabbobi suka fi bukatar inuwa da abinci.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake bukata a Nguru da Gashua shi ne ake bukata a kowane gari na ƙasar nan: hukuma ta tsare doka, kowane maigida kuma ya raya itace ɗaya a ƙofar gidansa. Inuwar da ake sha yau waɗansu ne suka dasa, suka yi mata ban ruwa. Wajibi ne a bar wa na baya irinta.